Tambaya kan lissafin turjiya da wat na dutsen guga

Ɗan Asawase:
Assalamu alaikum. Ni mai koyon aikin wayar lantarki ne a Kumasi, kuma yayana tela ne da ke da shago a Aboabo. Ya koka mini cewa dutsen gugarsa ba ya ɗaukar zafi da maraice kamar yadda yake yi da safe. Da na auna da mita da safe, na sami bolt 230 a soket, dutsen kuma yana jan ampa 5, amma da magariba sai na tarar bolt ya sauka zuwa 200. Ina roƙon magabata su nuna mini yadda ake fitar da turjiyar dutsen (wato yadda wayar cikinsa ke tare wucewar wuta) da yawan wat ɗin da yake ci, domin in san ko laifin dutsen ne ko na layi.

Tsohon Mai Waya, Suame:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka kyauta da ka auna kafin ka kwance dutsen. Ƙa'idar da kake nema ita ce ta Georg Ohm, Bajamushen da ya wallafa ta a 1827: a raba bolt da ampa, abin da ya fito shi ne turjiya. Saboda haka 230 a raba da 5 ya ba da om 46, om kuwa shi ne ma'aunin turjiya. Shi kuwa wat, ninka bolt ake yi da ampa, wato 230 sau 5, wanda ya kama wat 1,150.

To, ga inda amsarka take. Turjiyar wayar da ke cikin dutsen ba ta sauyawa sosai, don haka idan bolt ya koma 200, sai ka raba 200 da 46, ka sami kimanin ampa 4.35, wanda in ka ninka shi da 200 zai ba ka wat 870 ko kusa da haka. Bolt ya ragu da kashi 13 cikin ɗari kacal, amma zafin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, domin bolt da ampa tare suka sauka. Dutsen yayanka lafiyarsa ƙalau. Lokacin da unguwa duka ta kunna kayan wuta ne layin ke yin rauni.

Malamar Kimiyya, Nima:
Baba ya yi bayani daidai, sai dai ina so ƙanena ya kiyaye abu guda. Wannan ninkawa tana ba da wat na gaskiya ne a kan kayan ɗumama kamar dutsen guga da butar lantarki. A kan fanka ko firji, masu injin juyawa, abin da suke ci na haƙiƙa ya gaza abin da ninkawar ta nuna. Haka kuma, kada ka taɓa auna turjiya da mita alhali dutsen yana jone da wuta. Ka zare fulogi, ka auna tsakanin ƙafafunsa biyu na ƙasa, dutsen yana kunne a makunninsa; ya kamata ka ga abin da ya yi kusa da om 46.

Ɗan Asawase:
Na gode, Baba da Malama. Na zare fulogi na auna, mita ta nuna om 45. Na shawarci yayana ya riƙa gama guga kafin la'asar.