Tsohuwar manhajar RPG da za mu buɗe wa intanet: me kuka tarar?

Mai Koren Allo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A wurin aikinmu akwai manhajar RPG (harshen rubuta manhaja ne na IBM) mai lissafa farashi da rangwamen dillalai. Tun ana ce wa injin IBM ɗinmu AS/400 aka rubuta ta, kuma har yau ba ta taɓa kuskuren kobo ba. Yanzu shugabanni suna so manhajar waya ta riƙa tambayarta farashi kai tsaye. Na shiga shafin gudanar da injin ta tashar (port) 2001, na ga IWS, kayan aikin IBM na haɗa manhajoji da intanet, zai mayar da ita sabis na REST, wato wanda wasu manhajoji za su iya kira ta intanet, cikin 'yan mintuna. Wannan sauƙin ne ya tsorata ni. Ku da kuka riga mu, me ya same ku?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, tsoron nan naka yana kan hanya. Buɗewar ba wuya: ka sake harhaɗa manhajar da PGMINFO(*PCML:*MODULE), IWS ya karanto abin da take karɓa da abin da take mayarwa. Ni inda na sha wuya shi ne *INLR, makunnin da ke sa manhaja ta rufe fayilolinta ta saki abin da ke ƙwaƙwalwarta idan ta fita. Tamu tana fita da RETURN ba tare da ta kunna shi ba, saboda sauri. A koren allo, wato tsohon allon rubutu zalla da ma'aikata ke aiki da shi, babu illa, domin kowane ma'aikaci da nasa zaman. Amma a sabis, aikin QZRCSRVS (wanda ke gudanar da manhajar a madadin sabis ɗin) guda ɗaya yana yi wa mutane da yawa hidima bi da bi, abin da na farko ya bari a ƙwaƙwalwa yana nan yana jiran na biyu. Ranar gwaji sai ga wani dillali da rangwamen wanda ya gabace shi. Kwana uku muna nema, don ba kullum yake faruwa ba. Alhamdulillahi ba mu kai ga sakin sa ba. Ka share komai a farkon kowane kira, ka kuma duba abin da take ajiyewa a QTEMP, ma'ajiyar wucin gadi ta kowane aiki.

'Yar Tsaro:
Baba ya faɗi gaskiya, bari in ƙara nawa. Na tarar da sabis yana gudana da asusun da aka ba *ALLOBJ, izinin taɓa komai a injin, wai don saƙon hana izini ya daina fitowa. Ranar ban yi barci ba, domin duk wanda ya sami ƙofar nan ya sami injin gaba ɗaya. Muka buɗe masa asusu nasa na kansa, da izinin *USE (na gudanarwa da karantawa kawai) a kan manhajar da fayilolin da take buƙata kaɗai, muka ɗaura takardar shaida ta DCM (mai kula da takardun shaidar tsaro a injin), muka rufe duk tsarin ɓoye bayanai da bai kai TLS 1.2 ba.

Amma abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Tsohuwar manhaja ba ta tambayar ko lambar asusun dillalin da aka miƙo mata ta mai kiran ce. Da can menu ne ke tsare ƙofa, ma'aikacinku ne a zaune. Yanzu dillali zai iya canza lamba ɗaya ya ga farashin abokin gasarsa, kuma HTTPS ba zai hana shi ba. Malam, wannan binciken sai ka rubuta shi da hannunka.

Na Ma'ajiya:
Ni haruffa ne suka ba ni aiki. QCCSID ɗinmu, wato saitin tsarin haruffa na injin, 65535 ne, wanda ke nufin kada a juya haruffa, sai JSON, saƙon da sabis ke mayarwa, ya fito a hargitse. Da muka gyara, wata ta taso: tsarin haruffa na CCSID 37 ba shi da ƙ, ɗ da ɓ, sunayen abokan ciniki suka lalace, sai da muka mayar da waɗannan gurabe CCSID 1208, wato UTF-8. Sannan in waya ta turo gurbin lamba babu komai, ka shirya ganin MCH1202, saƙon kuskuren lamba.

Mai Koren Allo:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, na duba, tamu ma ba ta tantance mai asusu, kuma da RETURN take fita. Na gaya wa shugaba ba za a buɗe a wannan watan ba. Baba, saura guda: rabin lissafin rangwamen yana cakuɗe da EXFMT, umarnin nuna allo, a cikin manhajar allo. Ku kun ciro shi zuwa *SRVPGM (manhajar da wasu manhajoji ke kira) ne allon da sabis suka riƙa kira tare, ko kwafi biyu kuka bari?