Bututun ƙazanta na haɗaka ya toshe a Ingila: wa zai biya?

Baban Sadik, Leicester

Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da ke yawan haɗa 'yan'uwanmu mazauna Ingila rigima da maƙwabta, musamman masu zama a gidajen nan na jere da bangonsu ke manne da juna. Bututu ɗaya ne ke bi ta bayan gida huɗu ko shida yana kwasar ruwan banɗaki da na kicin. Idan ya toshe, sai ƙazanta ta ɓullo a tsakar gidan mutum ɗaya. Shi ne zai biya, ko wanda ya jawo, ko rabawa za a yi? Masu sanin harkar, a taimaka mana.

Injiniya, Birmingham

Wa alaikumus salam, Baban Sadik. Kafin a kai ga rabon kuɗi, a fara sanin bututun na waye, domin sau da yawa ba na kowa ba ne a cikinku. Tun ranar 1 ga Oktoba, 2011, doka ta mayar da bututun haɗaka na gidaje a Ingila da Wales hannun kamfanonin ruwa, muddin yana zuba cikin babbar magudanar gari kuma an haɗa shi kafin 1 ga Yuli, 2011.

Bututun kashi uku ne. Wanda ke cikin filinka yana ɗaukar ruwan gidanka kai kaɗai, naka ne. Da zarar ya tsallake iyakarka ya shiga ƙarƙashin titi ko filin maƙwabci, ya zama na kamfani ko da ruwanka kawai yake ɗauka. Inda ruwan gida biyu ya haɗu kuwa, daga wannan mahaɗa zuwa gaba na kamfani ne, ko da a tsakiyar lambunka yake. Wannan na ukun ne mutane ba su sani ba, shi ya sa suke biyan kuɗin da bai hau kansu ba.

A duba takardar kuɗin ruwa a ga wane kamfani ke karɓar kuɗin ƙazanta. A Birmingham da Leicester Severn Trent ne, a Manchester United Utilities, a mafi yawan Landan Thames Water. Wasu unguwanni kamfanin da ke ba da ruwan sha daban, mai kula da magudana daban. Su ake fara kira, kuma ba sa karɓar kuɗi kan buɗe bututun da yake nasu. Wanda ya riga ya kira mai gyara ya biya, da wuya ya ga an mayar masa da kuɗinsa.

Malam mai gyaran famfo, Bradford

Injiniya ya yi bayani. Ni zan ƙara yadda ake gane inda toshewar take, tunda a kanta ake yanke hukunci. A bayan gidaje ana samun ramin dubawa mai murfi, wanda muke kira camba. A ɗaga murfin na gidanka, sannan na gidan da ruwa ke gangarawa wajensa. Idan naka a cike yake na gaba kuma babu komai, toshewar na tsakaninsu. Idan duka a cike suke, tana can gaba. Idan kuwa cambarka fayau take amma masai ba ya wucewa, matsalar cikin gidanka take, babu ruwan maƙwabci.

Gidan da ƙazanta ta ɓullo ba lallai shi ya jawo ba. Ruwa yana neman wurin da ya fi ƙasa ne a bayan toshewar, sai ya fito ta nan. Don haka kada a yi saurin ɗora wa kowa laifi.

Don tabbatar da ko bututun na haɗaka ne, maƙwabci ya ja ruwan masai kana kallon cikin camba, ko a zuba garin rini na gwajin magudana a ga ta inda launin zai fito.

Wanda zai gwada sandunan zura da kansa a ɓangaren da yake nasa: kowace sanda kusan mita ɗaya ce, ana ɗaura su da juna, kuma kullum zuwa dama ake murɗawa, yadda hannun agogo ke tafiya. Aka murɗa hagu, sanda za ta kwance ta maƙale a ciki, aiki ya koma haƙa. Kuma don Allah kada kowa ya shiga cikin camba mai zurfi. Iskar da ke taruwa a ciki tana sumar da mutum kafin ya ankara, tana kuma kisa. Sodar wanke bututu ba ta buɗe bututun da ya riga ya cika, sai dai ta tsaya a ruwan ta ƙone hannun wanda zai zo gyara.

Maman Hanifa, Manchester

Malam, Allah ya saka. Aikina kula da gidajen haya ne, kuma abin da ake zarowa daga bututu kusan iri ɗaya ne kullum: tishun goge jarirai mai lema, audugar mata, da maiƙo. Tishun nan ko an rubuta a jikin ledarsa cewa ana iya jefawa masai, ba ya narkewa kamar takardar banɗaki. Yana saƙalewa a gaɓar bututu, maiƙo ya bi ya lulluɓe shi.

Mu kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya game da girkinmu. Manja, man shanu da kitsen rago suna daskarewa da sun taɓa bututu mai sanyi a ƙarƙashin ƙasa, kuma bin su da ruwan zafi ba ya hana komai, sai dai ya kai su gaba kaɗan su daskare a bututun haɗaka. A bar mai ya huce, a juye a gwangwani ko kwalba a sa a shara, a goge tukunya da takarda kafin a wanke. Dunƙulen da aka samu cikin magudanar unguwar Whitechapel ta Landan a 2017, mai nauyin tan 130 da tsawon mita 250, da irin waɗannan abubuwa ya taru.

Ga 'yan haya: sashe na 11 na dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ya ɗora wa mai gida gyaran magudana da bututun waje. Amma idan aka zaro famfas daga bututun gidanka kai kaɗai, zai iya neman ka biya. Ka sanar da shi a rubuce ranar da abin ya faru, ka ɗauki hoto.

Alhajin Luton

Injiniya, ina da ja kaɗan. Dokar 2011 ba ta kwashe komai ba, kar mutane su ɗauka ko'ina kamfani ne. Gidajen ƙauye da ke zuba cikin shadda ko tankin haɗaka har yau na masu gidajen ne. Sabbin rukunin gidaje da aka haɗa bayan Yulin 2011 suna hannun maginin ko kamfanin kula da rukunin, har sai kamfanin ruwa ya karɓa bisa yarjejeniyar sashe na 104 na dokar ruwa ta 1991, kuma wannan yana iya ɗaukar shekaru. Bene mai gidaje da yawa a fili ɗaya shi ma ana ɗaukarsa kamar gida ɗaya ne, bututun cikin filin na mai ginin ne, kuɗin kuma yana fitowa daga kuɗin hidima da mazauna ke biya.

Injiniya, Birmingham

Gaskiyarka, Alhaji. A ƙara da bututun ruwan sama da ke zuba kai tsaye cikin rafi, shi ma ba a karɓe shi ba. Kuma maganar duka ta Ingila da Wales ce, Scotland da Ireland ta Arewa tsarinsu daban.

Duba-gari, Landan

To, a irin wuraren da Alhaji ya lissafa ne maganar rabo ke tasowa. Farko a duba takardun mallakar gida, domin galibi an rubuta kason kowa. Idan babu, abin da aka saba shi ne gidajen da ruwansu ke bi ta wurin da ya toshe su raba daidai. Gida shida a jere, toshewa ta faru bayan mahaɗar gida na huɗu: gida huɗun da ke sama ne za su biya, biyun da ke ƙasa ba sa amfani da wannan yanki. Ana iya ɗora wa mutum ɗaya idan an tabbatar shi ya jawo, amma tabbatarwar ce ke da wuya, tishu ba ya ɗauke da sunan kowa.

Idan wani ya ƙi, a kai maganar sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma. Suna da ikon ba masu gidajen takardar gargaɗi ta aƙalla awa 48. Idan ba a gyara ba, hukuma ta sa a yi aikin ta bi kowa kuɗinsa, kuma kan zo da tsada fiye da wanda za ku shirya da kanku. Ya fi sauƙi a karɓi farashi a rubuce daga masu gyara biyu ko uku, kowa ya amince a rubuce kafin a fara.

Malam mai gyaran famfo, Bradford

Abu ɗaya da ke kashe gardama shi ne kyamara. Idan bututu ya toshe sau biyu a wuri ɗaya cikin ɗan lokaci, ba halin mutane ba ne kawai, akwai lahani. Bututun gida inci 4 ne, na haɗaka kan kai inci 6, kuma ƙaramin yana son gangara kamar 1 cikin 40, kada ta gaza 1 cikin 80. Idan ƙasa ta zauna, tsakiyarsa ya lotsa, ruwa ya kwanta, datti ya taru. Tsohon bututun yumɓu saiwar itace ke shiga ta gaɓoɓinsa. Wanda aka yi da takarda da kwalta a shekarun 1950 zuwa 1970 kuwa yana kumbura ya motse. A tsofaffin gidaje camba ta ƙarshe kafin titi kan zo da lanƙwasa mai tare wari, kuma murfin ƙaramar ƙofar da ke samanta yakan faɗa ciki ya toshe hanya.

A nemi mai kyamara ya ba da bidiyon da rahoto mai nuna nisan lahanin da mita daga camba. Da wannan takarda ake zuwa wajen kamfanin ruwa, ko maƙwabta, ko kamfanin inshora, domin inshorar gini da yawa tana biyan fashewar bututun ƙarƙashin ƙasa, ba ta biyan toshewar maiƙo.

Maman Hanifa, Manchester

Baban Sadik, ka gaya wa masu shirin sayen gida su sa lauyansu ya nemo rahoton magudana da ruwa daga kamfani kafin a biya, amma su kuma ɗaga murfin camba su gani da idonsu, domin yawancin bututun da aka karɓa a 2011 ba su cikin taswira. Wanda kuma zai ƙara ɗaki a bayan gida, idan ginin zai hau kan bututun kamfani ko ya zo cikin mita 3 da shi, sai ya nemi izininsu tukuna, kuma kada a binne camba a ƙarƙashin siminti.