Neman shawara: In ci bashi in sayi babban keken ɗinki, ko in fara da na ƙafa?

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Don Allah waɗanda suka san harkar ɗinki su faɗa min gaskiya, ko da ba za ta yi min daɗi ba.

Shekarata uku ina koyon ɗinki wajen wata antina a Gwammaja, bana ta yaye ni. Ƙarshen watan nan zan kwashi adashin da na yi wata goma ina zubi, Baba kuma ya ce zai ɗan cika min. A gida zan riƙa aiki. Ranar Asabar ni da yayana mun shiga kasuwar Sabon Gari mun ji farashi. Kuɗina zai sayi sabon keken ƙafa da keken wibin da dutsen guga da almakashi, har in samu canjin zare. Babban keke na wuta kuwa, irin Juki, ko ɗan kwatano ne shi kaɗai zai lashe kuɗin, sai ma na ciko da bashi.

Abin da ya sa nake tsoron mai araha, bara antina ta ƙaro wani sabon keken ƙafa mai sauƙin kuɗi. Ana saura kwana shida sallah ya fara tsallake yana dagula zare a ƙasa, ya tattare leshin wata amarya. Muka kwana farkewa da reza, amma duk inda allura ta bi sai da ya nuna. Har yau ina ganin fuskar matar lokacin da ta ɗaga rigar a hasken bakin ƙofa ta yi shiru. Antina ta biya rabin kuɗin leshin, kuma gidan ba su sake kawo ɗinki ba.

Yayana ya ce araha ba ta ado, in rufe ido in sayi babba. Umma ta ce kar in kuskura in buɗe sana'a da bashi. Ya zan yi?

Dattijon tela daga Fagge:

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya sa albarka a sana'ar. Kafin ki tambayi wane keke ya fi, ki tambayi kanki kala nawa za ki ɗinka a sati, sannan awa nawa kuke samun wuta a layinku.

Juki kamfanin Japan ne, kuma samfurin da ya cika shagunanmu, DDL-8700, yana iya ɗinki har 5,500 a minti guda. Amma wannan gudun na mai aikin da zai ciyar da shi ne: yunifom ɗin makaranta ɗari, zannuwan gado, kaftani ashirin na anko. Ke da za ki fara da kala huɗu ko biyar a sati na 'yan unguwa, yanka da haɗa hannu da wuya ne za su ci lokacinki, ba gudun keke ba. Idan kuma aka ɗauke wuta, babban keke ya zama tebur.

Ni dai na ƙafa nake ba ki shawara, amma ba irin na antinki ba. Ki nemi tsohon kan keke baƙi mai nauyi, wanda sai kin sa hannu biyu kafin ki ɗaga shi. Singer ɗin da nake aiki da shi na mahaifina ne, zanen zinarin jikinsa duk ya goge inda hannu ke gogarsa, amma in na ninka shadda huɗu yana ratsawa ba gardama. Kamfanin nan tun 1851 yake. Butterfly na Chana ma a kan tsarin tsohon Singer aka ƙera shi, shi ya sa ƙoshiya da kwarkwaro da allurarsu suke shiga juna, kuma ba inda za ki nema a Kano ki rasa.

Inda ba na yarda a yi ƙwauro shi ne almakashi. Ki sayi mafi kyau da kuɗinki zai iya, ki ɗaura masa ƙyalle a hannu, ki hana kowa yanka takarda ko kwali da shi. Ɗinkin da ya karkace ana farke shi, yankan da ya karkace kuwa sai dai a koma Kwari.

Hajiya mai zannuwan gado, Rijiyar Zaki:

Baba ya faɗi gaskiya a kan almakashi, amma a kan keke ina da ja, a yi min afuwa. Ni ma da na ƙafa na fara don gudun bashi. Cikin shekara biyu na sayi keke biyu, kuɗin gyara kuma ban san adadinsa ba, ga ciwon gwiwa da baya da nake kwana da shi duk azumi. Ranar da na hau babban keke kuka na yi, don aikin da nake wuni a kai na gama shi kafin azahar. Da na haɗa abin da na kashe a baya, ya kusa sayen babban tun farko.

Maganar wuta kuma ta canja, ƙanwata. Tsohuwar mota ta babban keke, wato injin da ke juya shi, da zarar kin kunna take ta juyi tana gurnani, kina ɗinki ko ba kya yi. Akwai wadda ake kira sabo-mota, wato servo, ita sai kin taka take motsi, ba ƙara, kuma ƙaramin sola da inbata suna ɗaukarta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na daina tayar da janareta saboda ɗinki, riba ba ta fita. In za ki sayi babba, to ki tabbata da irin wannan motar ne.

Wata 'yar uwa:

Hajiya, ke lokacin da kika sayi babban kina da kwastomomin da za su biya shi. Ita ko mutum ɗaya ba ta da shi tukuna. Bashi ba ya jiran sallah ta zo. Ina bayan Umma.

Mai gyaran keke, Ƙofar Mazugal:

Malama, ni kullum cikin kekunan mutane hannuna yake, bari in faɗa miki abin da nake gani. Tsada ba ita ce shaidar kyau ba. Akwai kan da ake yi wa sabon fenti a manna masa sunan babban kamfani, ki biya kuɗin gangariya ki tafi da jabu. Kuma ba duk kayan Chana ne jabu ba, shi kansa Juki yana da masana'anta a Chana. Hawa-hawa ne, gwargwadon kuɗinka gwargwadon ƙarfen da za a sa maka.

Kowanne za ki saya, kar ki biya sai kin hau. Ki tafi da ƙyallayenki, shadda mai tauri da kuma yadi mai santsi marar nauyi. Ki ɗinka kowanne, ki juya bayansa ki ga ko zaren ƙasa ya kwanta daidai da na sama. Ki kama sandar allura ki girgiza, in tana rawa to ta cinye. Ki shafa haƙoran da ke jan yadi ki ji ko da sauran kaifi. In babba ne, a kwantar miki da kan ki leƙa kaskon mai. Man da ya yi baƙi ko kika ga garin ƙarfe a ciki, ki bar shi. Akwai ɗan gilashi a samansa, in ana takawa ya kamata ki ga mai yana fantsama a ciki. Sannan ki tambayi mai shagon kai tsaye: in ƙoshiya ta lalace, a nan zan samu? Keken da sai an yi odar kayansa daga Legas, ko kyauta aka ba ki wahala ce.

Game da keken antinki, ba mamaki ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Yawancin tsallaken da ake kira na a kai, allura ce ta dakushe ko ta lanƙwashe, ko an sa mai kauri a yadi marar nauyi. Ki riƙa sayen allura mai kyau irin Organ, ki ajiye lamba 14 da 16, ki canja kafin ki hau leshi ko Getzner ɗin mutane. Ki kuma sani allurar keken ƙafa gefen gindinta ɗaya a shafe yake, ta babban keke kuwa zagayayye ne, ba a musanya su.

Mai ɗinkin kayan yara, Kurna:

In ƙara da zif da zare. Mace ba ta san sunan kekenki ba, amma ranar da zif ya fashe mata a gidan biki sunanki za ta kira. Bambancin kuɗin zif ɗin YKK da na banza bai kai kuɗin adaidaita daga Kurna zuwa Bata ba. Wibin kuwa ki haƙura da shi yanzu, ki riƙa kaiwa ana yi miki.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Umma da Yaya duka. Gaskiya wutarmu ba ta da tabbas, sola kuma ba mu da shi, ɗinkin da aka yi min alkawari zuwa yanzu kala bakwai ne. Zan nemi tsohon kai mai nauyi kamar yadda Baba na Fagge ya ce, da almakashi mai kyau, in bar wibin. Abin da ya ragu zan sake shiga adashi da shi saboda babban keken, Hajiya, ban cire rai ba. Malam mai gyara, nawa ake ba wanda zai raka mutum ya duba masa keke?

Mai gyaran keke, Ƙofar Mazugal:

Ku daidaita da shi tun daga gida, kuma ki samo shi da kanki, kar ki ɗauki wanda mai shago ya nuna miki. Antinki tana da wanda yake mata gyara, ki fara tambayarta. Ku je da safe kafin kasuwa ta cika, don ki samu zama ki taka shi a nutse.