An sallamo mahaifiyata daga asibiti: wace ƙofa zan ƙwanƙwasa domin samun taimako a gida?

Mai tambaya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin lafiya da na jin daɗin jama'a. Mahaifiyata mai shekara 74 ta gamu da shanyewar ɓarin jiki wata biyu da suka wuce, ta yi kwana goma sha takwas a asibiti, sannan aka sallame mu da leda cike da magunguna da kuma ranar komawa ganin likita. Hannunta da ƙafarta na dama ba sa aiki, maganarta ta yi nauyi, kuma ba ta iya zuwa banɗaki sai an ɗaga ta. Ni ce nake zaune da ita, ga yara uku, ga aikin da nake ci da shi, wanda yanzu nake daf da rasawa saboda yawan fashi. Babbar 'yata mai shekara 13 ita ce take zama da kakarta idan na fita, kuma hakan ya fara shafar karatunta.

Na koma asibitin na tambayi ko akwai wanda zai riƙa zuwa gida, aka ce mini wannan ba aikinsu ba ne, in je ofishin jin daɗin jama'a. Da na je can, sai aka ce ai wannan matsalar lafiya ce. Shin mene ne bambancin waɗannan hukumomi biyu, kuma me ya kamata in nema a wurin kowacce? Ba kuɗi nake roƙo ba, hanya nake so a nuna mini.

Ma'aikaciyar jinya mai ritaya

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya. 'Yata, ba ke kaɗai ake yi wa wannan kai-komon ba, domin a ƙasashe da yawa kasafin lafiya daban yake da na jin daɗin jama'a, kowane ɓangare kuma yana ƙoƙarin kare nasa aljihun, sai iyali su faɗa ramin da ke tsakani. Zan yi magana a kan ɓangaren da na sani, wato lafiya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne komawa babban asibiti, alhali shi aikinsa ceton rai ne, da zarar ya gama kuma gadon yake so a ba wani. Wurin da ya dace ki nufa shi ne cibiyar kula da lafiya a matakin farko da ta fi kusa da gidanku. Tun a taron lafiya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 ƙasashen duniya suka amince cewa wannan mataki shi ne ginshiƙin kiwon lafiya, aka kuma sake jaddada haka a wani taron a birnin Astana a 2018, shi ya sa kusan kowace ƙasa tana da irin waɗannan cibiyoyi, ko da sunansu da ƙarfinsu sun bambanta. Wasu ƙasashen sun yi nisa sosai wajen kai aikin har cikin gidaje. Brazil, alal misali, tun 1994 take da shirin lafiyar iyali, inda ma'aikatan lafiya na al'umma suke da gidajen da aka ɗora musu alhakin ziyarta, ita kuma Habasha ta ɓullo da nata shirin a farkon shekarun 2000, wanda mata ne suka fi yawa a cikin ma'aikatansa.

Ki tafi da takardar sallama, wadda ya kamata ta ƙunshi cutar da aka gano, da magungunan da aka rubuta, da abin da likita yake so a ci gaba da yi. Idan ba a ba ki ba, ki koma ki karɓa, haƙƙinku ne, kuma babu ma'aikacin da zai iya yi miki aiki mai kyau ba tare da ita ba. A cibiyar ki tambayi ko suna da masu ziyarar gida, sannan ki nemi takardar turawa zuwa sashen gashi da motsa jiki. Wannan na biyun ki ba shi muhimmanci fiye da komai, saboda yawancin sauƙin da mai shanyewar jiki yake samu yana zuwa ne a cikin wata uku zuwa shida na farko, ke kuma kin riga kin cinye biyu. Ko da mai gashin ba zai iya zuwa gida ba, ki roƙi ya koya miki atisayen da hannunsa, ya kuma nuna miki yadda ake ɗaga marar lafiya daga gado zuwa kujera, domin na ga masu kula da marasa lafiya da yawa da suka ƙare da ciwon baya na har abada. Kada kuma a taɓa jan Mama ta hannun da ya shanye, kafaɗar tana iya gocewa.

Akwai abubuwa uku da suke mayar da irin su Mama asibiti, kuma duk ana iya kiyaye su a gida. Gyambon kwanciya yana farawa ne da ɗan sauyin launin fata a ƙugu, ko diddige, ko ƙashin baya, saboda haka a riƙa juya ta kamar bayan kowace awa biyu, a kuma tabbatar shimfiɗarta a bushe take. Shaƙewa wajen ci ko sha tana iya kai abinci cikin huhu ya zama ciwon sanyin haƙarƙari mai tsanani, don haka idan tana tari ko muryarta tana canzawa bayan ta haɗiye, ki faɗa wa ma'aikatan lafiya da wuri, kuma kada a ciyar da ita a kwance. Na ukun shi ne hawan jini, wanda shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke jawo wannan cuta: kada a daina magani don an ga ta murmure. Idan kuwa kin ga bakinta ya sake karkacewa, ko wani sabon rauni ya bayyana farat ɗaya, ko maganarta ta ƙara dagulewa, wannan ba na cibiya ba ne, asibiti za a garzaya nan take.

Jami'in jin daɗin jama'a

Abin da Hajiya ta faɗa a sama daidai ne, zan ɗora ne daga inda ta tsaya. Malama, hanya mafi sauƙi ta rarrabe ayyukan biyu ita ce, lafiya tana duba cutar, mu kuma muna duba rayuwar da mutum yake yi da cutar: wanka, sanya tufafi, cin abinci, shiga banɗaki, motsi a cikin gida, tsaron lafiyarsa da dukiyarsa, da halin da masu kula da shi suke ciki. Ina zaton lokacin da kika je ofishin kin fara ne da labarin shanyewar jiki da magunguna, wanda ya karɓe ki kuma ya ji kalmar asibiti ya samu hanyar sallamarki. Ba na kare shi, ya kamata ya ƙara yi miki tambayoyi, amma haka abin yake faruwa.

Idan kin koma, ki ce kin zo ne ki nemi a tantance buƙatun mahaifiyarki, kuma ki miƙa buƙatar a rubuce, da kwanan wata, ki riƙe kwafi. Kafin ranar tantancewar, ki yi mako guda kina rubuta duk abin da ake yi mata daga asuba zuwa dare, da sau nawa kike tashi cikin dare, da wanda yake zama da ita a kowace awa. Iyalai suna da ɗabi'ar ɓoye wahala a gaban baƙo, tsofaffi ma sun fi, domin da jami'i ya tambayi tsohuwa ko tana iya wanka da kanta sai ta ce tana iyawa, saboda kunya. Mu kuma abin da aka faɗa mana shi muke rubutawa, a kansa ake yanke hukunci. Ki kwatanta ranar da ta fi kowacce wuya, kada ki kwatanta ranar da abubuwa suka zo da sauƙi.

Abin da za a iya ba ku ya dogara da dokar ƙasar da kuke. Jamus ta kafa inshorar kula da masu doguwar jinya a 1995, Japan ta fara tata a 2000, a Ingila kuma dokar kulawa ta 2014 ta wajabta wa ƙananan hukumomi su tantance buƙatun shi kansa mai jinyar, ba marar lafiya kaɗai ba. A ƙasashe da yawa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma duk da haka akan samu wani abu: rajistar masu buƙata ta musamman, wadda kan buɗe ƙofar rangwamen kuɗin magani ko tallafin kuɗi, da kayan taimako irin su keken guragu, da kujerar bahaya, da sandar dogarawa, da kuma jerin ƙungiyoyin agaji da ofishin yake hulɗa da su. Game da keken, kada ki karɓi kowanne don kawai kyauta ne, sai wanda ya yi daidai da jikinta, saboda wanda bai dace ba shi ma yana haddasa gyambo. Kayan suna da ƙaranci a ko'ina: rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya nuna mutum fiye da biliyan 2.5 ne ke buƙatar irin waɗannan kaya, kusan biliyan ɗaya kuma ba su samu ba. Don haka ki sa sunanta a layi tun yanzu.

Batun da ya fi tsaya mini a rai a cikin saƙonki shi ne na 'yarki. Yarinya mai shekara 13 tana iya taya kakarta hira, ta miƙa mata ruwa, amma ɗaga babban mutum da zama da shi ita kaɗai har ta riƙa fashin makaranta ya fi ƙarfinta. Ki ambaci wannan a fili a cikin takardarki. Wasu iyaye suna tsoron kada a zarge su, alhali a mafi yawan ofisoshi jin cewa akwai yaron da karatunsa yake cikin haɗari shi ne yake sa a ɗauki fayil da gaggawa. Ki kuma sanar da malamanta halin da ake ciki, domin su daina ɗaukar fashin a matsayin lalaci.

Wanda ya yi jinyar mahaifinsa

Ina girmama bayanan da suka gabata, amma ina so in ƙara wani abu, kada 'yar'uwarmu ta ɗora duk fatanta a kan ofis. Na yi jinyar mahaifina shekara huɗu. An tantance shi kamar yadda Malam ya bayyana, aka rubuta cewa ya cancanci mai taimako a gida, muka jira wata bakwai, mai taimakon bai zo ba har mahaifin nawa ya rasu. Ba na cewa kada ki je, ki je, ki kuma riƙa bibiya da sunan jami'in da ke riƙe da fayil ɗinku, amma ki tsara rayuwarki kamar babu abin da zai zo.

Abin da ya cece ni shi ne ranar da na tara 'yan'uwana na ajiye musu jadawali. Kafin nan kowa yana bugo waya yana cewa in ana buƙatar wani abu a faɗa masa, ni kuma nauyin baki ya hana ni. Da na raba aikin gunduwa-gunduwa, wannan ya ɗauki daren Asabar, wancan kuɗin magani, wata kuma rakiya zuwa wurin gashi, sai na ga kusan kowa ya karɓa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sai an nuna wa kowane hannu inda zai kama. A matsayina na namiji kuma dole in faɗi gaskiya, wannan kaya a kan mata yake sauka. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa kusan kashi uku cikin huɗu na aikin kulawa da ba a biya mata ne suke yin sa. Idan kina da 'yan'uwa maza, ki sa su a jadawalin da aikin hannu, kada a bar su da aiko kuɗi kawai.

Sai kuma ita Mama kanta. Nauyin magana ba ya nufin hankalinta ya gushe, kuma na yi nadamar watannin da na yi ina yanke wa mahaifina hukunci a gabansa kamar ba ya nan. Ki tambaye ta wa take so ya yi mata wanka, wa kuma ba ta so. Ki lura da yanayinta, domin ciwon damuwa yana kama kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka yi shanyewar jiki, kuma ana maganinsa. Idan ta daina cin abinci, ko ta ƙi atisaye, ko tana yawan kuka, kada a ce tsufa ne kawai.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na samo takardar sallamar, na kuma fara rubuta abin da ake yi mata kullum. Saura tambaya ɗaya: ƙannena sun yarda su haɗa kuɗi mu ɗauki wadda za ta zauna da Mama da rana. Me zan duba kafin in bar baƙuwa ita kaɗai da wadda ba ta iya kai ƙara?

Jami'in jin daɗin jama'a

Tambayar tana kan hanya, Malama, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na waɗanda suka kai shekara 60 yana fuskantar wani nau'in cin zarafi a cikin shekara, kuma wanda ba ya iya magana sosai ya fi kowa shiga haɗari. Ki fara tambayar cibiyar lafiya ko ofishinmu ko suna da sunayen waɗanda suka samu horo. Duk wadda za ki ɗauka, ki yi magana da kanki da aƙalla gidaje biyu da ta taɓa yi wa aiki, ki ga shaidar ko ita wace ce, ki kuma rubuta mata aikinta da lokutanta da albashinta da ranar hutunta, saboda mai aikin da aka gajiyar ba tare da hutu ba ita ce ta fi saurin yin fushi da marar lafiya. Ki zauna tare da ita kwana biyu ko uku na farko, ki tafi da ita wurin gashi ta koyi ɗagawa da juyawa. Katin banki da takardun dukiyar Mama su kasance a hannun mutum ɗaya daga cikinku, ana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita.

Bayan ta fara aiki, ku riƙa leƙowa a lokutan da ba ta zata ba, ke kuma ki riƙa yi wa Mama wanka da kanki ko da sau ɗaya a mako, ki duba jikinta. Idan kin ga tabon da ba a iya bayaninsa ba, ko ramewa, ko Mama tana firgita idan matar ta shigo, ki dakatar da ita a ranar, ki kai Mama cibiyar lafiya a duba ta a rubuta abin da aka gani, sannan ki kawo rahoto ofishin jin daɗin jama'a.