Ɗana mai ADHD kullum sai an zane shi a bakin get saboda latti, ya zan yi?

Maman Khalifa:
Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema, raina a jagule yake wallahi. Yarona shekararsa 9, yana aji 4 a wata makarantar kuɗi a nan Kano. Bara likita ya tabbatar mana yana da ADHD, wato lalurar da ke sa yaro kasa tattara hankalinsa waje ɗaya da yawan motsi. Ƙarfe 7:45 suke rufe get, mu kuma tun asuba nake tashinsa amma a sati sai mu makara sau uku, ba wai bacci yake komawa ba fa, zan bar shi yana sa safa in je in duba shayi, in dawo in tarar da shi da safa ɗaya a hannu ya tsuguna yana kallon tururuwa a bakin ƙofa, minti goma sun wuce shi bai ma sani ba. In mun fita ga neman adaidaita. Yana isa bulala uku, tsallen kwaɗo, sannan a ba su tsintar leda har a gama darasin farko, kuma lissafi ne, wanda dama shi ke ba shi wuya. Yanzu kullum da safe sai ya ce cikinsa na ciwo, jiya ya riƙe min hijabi yana cewa Umma kar ki kai ni. Na je wajen hedimasta ya ce doka ɗaya ce ga kowa. Kakarsa kuma ta ce sangarta ce. Ni na rasa inda zan sa kaina.

Abu Sumayya:
Hajiya ki yi haƙuri amma mu ma haka aka yi mana, mun sha bulala mun sha gwale-gwale kuma ga mu mun zama mutane. In aka ɗaga wa ɗaya ƙafa gobe kowa zai zo da takardar asibiti. Ki riƙa tashinsa da wuri kawai.

Malamin Firamare:
Abu Sumayya ai ta ce tun asuba take tashinsa, ka sake karantawa. Maman Khalifa ni malami ne, na daɗe ina tsayuwa a get da dorina a hannu, kuma gaskiyar da ba ma son faɗa ita ce bulalar latti ba ta rage latti, fuskokin da ka daka ran Litinin su za ka sake gani ran Laraba. Yaron firamare ba shi ke da agogo ba, ba shi ke da kuɗin mota ba, wata ma talla ta fara zagawa ko ɗiban ruwa kafin ta zo. Mu ma ta namu ɓangaren akwai uzuri, aji ya cika maƙil, ba wanda ya taɓa koya mana komai a kan irin waɗannan yaran, sai mu ce ƙiriniya ce ko rashin ji.

Kar ki koma wajen hedimasta da baki kawai. Ki karɓo takarda daga likitan, ki fara ganin malamin ajinsa tukuna, shi ya fi sanin yaron, in ya fahimta sai ku shiga ofis tare. Kuma kar ki ce a yafe masa latti gaba ɗaya, nan ne za su ƙi. Ki ce a riƙa rubuta lokacin da ya iso a littafi, ya wuce aji kai tsaye, ƙarshen sati ku zauna ku duba. In ma dole sai an hukunta to a hana shi fita tara.

Anti Nas:
Malam na yarda da kai amma banda hana shi fita tara dan Allah. Yaro mai ADHD wannan guje-gujen na tara shi ke sauke masa abin da ke jikinsa har ya iya zama bayan an dawo, in ka tsare shi a aji kai da kanka za ka sha wahalarsa.

'Yar uwa wannan ba sangarta ba ce kuma ba laifin tarbiyyarki ba ne. Kusan yara 5 cikin 100 a duniya suna da ita, alamun suna bayyana kafin shekara 12, kuma likita ba ya cewa ita ce sai an ga abin a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta, na aƙalla wata 6. Matsalar tana wajen tsara aiki da jin wucewar lokaci, ki ce masa saura minti biyar shi a wajensa da biyar da talatin duk ɗaya ne. Da yawansu kuma bacci ba ya ɗaukarsu da wuri da daddare, to ki faɗa wa likitansa yadda yake bacci, da maganar ciwon cikin nan ma, tsoro yana saukar wa yara a ciki. In yana shan magani ki tambaya a kan lokacin shan, kar ki canza da kanki.

Sannan akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce suna da haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba. Ba na cewa ki je da faɗa, amma ki san ba alfarma kike roƙo ba.

Ummu Haidar, Kaduna:
Allah sarki, kamar labarina nake karantawa. Nawa otizim ne da shi, wato lalurar da ke shafar mu'amalar yaro da mutane da yadda yake jin abubuwa a jikinsa, shi matsalarsa ɗinkin cikin safa, in ya taɓa masa yatsa sai ya cire ya fara ihu, na yi wata da watanni ina masa tsawa kafin na gane, yanzu a juye yake sa ta shi ke nan. Abin da ya taimake mu, komai tun dare, yunifom da jaka da takalmi a bakin ƙofa, na zana masa hotuna a kwali na manna a bango, burushi, wanka, kaya, shayi, takalmi, in ya gama ɗaya ya taɓa na gaba. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, kar ki jero masa uku. Sannan muka yi yarjejeniya da mai adaidaita ɗaya yana zuwa ƙarfe 7 muna biyansa a wata, jin hon ɗinsa ya fi muryata aiki nesa ba kusa ba. Duk da haka sai da muka canza makaranta fa, ta farkon sun ƙi saurara sam.

Maman Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri, wallahi har na yi kuka da nake karantawa. Na kira asibiti sun ce in zo ran Alhamis a kan takardar, yau da daddare kuma za mu zauna mu zana kwalin ni da shi tunda yana son zane. Malam tambaya ɗaya, in zan ga malamin ajin in je da Khalifa ko in je ni kaɗai? Abbansa ya ce zai raka ni in an koma wajen hedimasta.