Shawara ga mai son fara kallon finafinan Faransa masu zurfi

Akasarin waɗanda suka tattauna batun fim ɗin Faransa da ya dace a fara kalla sun ce sabon shiga ya fara da fim ɗin darakta François Truffaut na 1959, Les Quatre Cents Coups, inda ɗan wasa Jean-Pierre Léaud, yana ɗan shekara 14, ya sheƙa zuwa bakin teku, ya juyo ya ƙura wa kyamara ido, hoton ya tsaya cak. Daga nan sai fim ɗin darakta Jean-Pierre Melville na 1967, Le Samouraï, inda ɗan wasa Alain Delon kan daɗe bai ce uffan ba, illa ya gyara bakin malafarsa. A ganina wannan shirun ya fi kyawun fuskarsa jan hankali. Wasu sun ja kunne cewa a ajiye waya, a haƙura da tafiyar hawainiyar labarin, sannan a nemi mai rubutacciyar fassara domin a ji ainihin muryoyin 'yan wasan.