Za a kai mu gidan giyar inabi a Riquewihr, wa ya taɓa shiga irin wannan zaman?

'Yar Damagaram:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗaliba ce a Strasbourg, wata na huɗu kenan da zuwa Faransa. Shine malamin da ke duba aikina ya ce ƙarshen watan nan duka 'yan sashenmu za mu fita Riquewihr, wani ƙaramin gari a nan yankin Alsace, za a fara da gidan Hugel masu giyar inabi a ɗanɗana kala shida ko bakwai, daga nan a wuce cin abincin rana a wani gidan abinci, kowane faranti da giyar da aka ce ta dace da shi. Ni ba na sha kuma ba zan sha ba, wannan babu magana a kai. Damuwata ita ce ban san yadda abin yake gudana ba, ban san abincin da zan iya ci ba, kuma ba na so in zauna tsuru kowa na magana ni ko kalma ɗaya ban gane ba. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ko ya yi aiki a wajen ya ba ni labarin yadda ta kasance da shi.

Tsohon Weta na Colmar:
Wa alaikis salam ƙanwata. Shekara uku na yi ina kai abinci a Colmar lokacin ina karatu, ban taɓa kai wa bakina ba amma dole na haddace su don baƙo zai tambaye ka me zai sha da kifinsa. Abin da ya sauƙaƙa min shine a Alsace sunan inabin ake rubutawa a jikin kwalba, ba kamar Bordeaux ba da sai dai sunan gona, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari farar giya ce, a doguwar siririyar kwalba.

Gidan Hugel tun 1639 suke a garin nan, za ki gane kwalbarsu daga nesa, takardarta ruwan ɗorawa da ja kamar bawon Maggi. Yawanci daga mara nauyi ake farawa. Akwai Gentil, ita haɗin gambiza ce ta inabi kala-kala, da Pinot Blanc, waɗannan ake ba mutum da abu mai sauƙi kamar tarte flambée (siririn burodi ne da ake gasawa da kirim da albasa a kai) ko salak. Sai Muscat, a can ba ta da zaƙi, ƙamshin ɗanyen inabi kawai take yi, kuma ita ake haɗawa da asperge (wani kayan lambu mai dogon tsiro) a watan Afrilu da Mayu saboda ganyen nan yana ɓata ɗanɗanon yawancin giya. Sai Riesling wadda ita ce sarauniya a wurinsu, tsami gare ta mai kaifi, shi ya sa ake ba ta da kifi da choucroute, wato kabeji mai tsami. Shugaban kicin ɗinmu ya yi ta min bayani na kasa ɗauka har ranar da na ga ya matsa lemon tsami kan soyayyen kifi, na ce ashe wannan ne, ya ce shi ke nan ka gane, tsami yana yanke maiƙo. Tun daga ranar na daina hadda na koma tunani. Pinot Gris ta fi kauri, tana son naman tsuntsu, agwagwa, abin da aka dafa da kirim ko laimar kwaɗi (tsofaffin kwastomomi har lokacin Tokay suke ce mata duk da an hana sunan tun 2007 saboda ƙasar Hangari). Gewurztraminer ƙamshinta ma daga tire kake jin sa, kamar furen wardi, ita ce ta cukun Munster mai warin nan da kuma abinci mai yaji. Ja ɗaya ce tak, Pinot Noir.

A ƙarshe za su fito da masu zaƙi, Vendange Tardive, wato inabin da aka bari ya daɗe a jikin itace, da Sélection de Grains Nobles wadda wata irin fumfuna ke kama ƙwayar ta tsotse ruwan sai sukari ya taru, ɗaya bayan ɗaya ake tsince su. Nan za ki ga suna alfahari sosai don Jean Hugel ne ya tsara dokokin waɗannan biyun, gwamnati ta amince a 1984. Da hantar agwagwa ake shan su ko da kayan zaƙi. In kin riƙe wannan kin fi rabin 'yan sashenku sanin abin da ake faɗa.

Maman Blessing:
Sannu 'yata. Ni Kirista ce daga Jos, nas ce ni a Mulhouse shekara goma sha ɗaya, ina ɗan sha a lokacin biki don haka zan gaya miki daga baki ba daga littafi ba. Duk abin da yayanki ya faɗa haka yake, amma ni abincinmu na gida na gwada da su. Kirsimetin farko na yi farfesun akuya da attarugu yadda muke yi, maƙwabcina ya kawo jar giyar Bordeaux mai tsada, wallahi bakin kowa ya kama wuta, saboda jar giya tana da bauri irin na goro, in baurin nan ya haɗu da barkono sai zafin ya ninka. Shekarar da ta biyo matarsa ta kawo Gewurztraminer ta Hugel mai sanyi, ai kuwa sai ga shi ɗan zaƙin nan nata ya kwantar da yajin, kamar dai yadda kunun aya mai sanyi yake yi bayan tsire. Da kilishi ma ta yi, ƙulin jikinsa da citta da kanumfari duk suka fito. Dama Gewürz a Jamusanci kayan ƙamshi yake nufi. Sai dai tana da ƙarfi, tana kai 13 ko 14 cikin ɗari, ba abin wasa ba ce. Riesling kuma na fi son ta da gasasshen kifi da soyayyar doya, amma da miyar kuka ban ga wadda ta shiga ba, na gwada biyu na haƙura.

Abin da nake so ki sani shine babu wanda zai tilasta miki. A wajen ɗanɗanawa ma akwai wani ɗan bokiti da ake tofarwa, su kansu masu sana'ar ba haɗiyewa suke yi ba, kuma kullum akwai direba ko mai ciki da ba ya sha. Ki ce je ne bois pas d'alcool, wato ba na shan barasa, sau ɗaya da murmushinki, ki ɗora da neman ruwan Carola, na yankin ne daga Ribeauvillé, mai shuɗin tambari ba gas, kore kaɗan, ja da yawa.

Ɗan Tasawa:
Ni ta gona na san abin. Damina biyu ina zuwa yankan inabi a ƙauyukan da ke kusa da nan, watan tara zuwa na goma, almakashi da bokiti tun sanyin safiya, wani na goye da babban kwando a baya kana juye masa. Tudun Schoenenbourg da ke saman Riquewihr in kin ɗaga kai za ki gan shi, daga nan Riesling ɗinsu mai tsada take fitowa, hawansa kawai aiki ne balle yanka a jikinsa. Ɗanyen inabin Gewurztraminer kalarsa ja-ja ce kamar fatar albasa, kuma zaƙinsa ban taɓa cin irinsa ba, wannan halal ne ki ci in an miƙo miki.

Gargaɗina ɗaya ne kuma da gaske nake. A wannan lokacin suna da wani abu da suke kira vin nouveau, da yarensu neier siasser, a ido kamar ruwan inabi ne mai duhu-duhu, a baki zaƙi, ana kawo shi da burodi da goro irin nasu mai ɓawo. A wata gona da na yi aiki aka zuba min a kofi ranar gama yanka, na tambaya aka ce ai bai zama giya ba tukuna, na kurɓa sau biyu na ji yana tsattsage a harshe. Ya riga ya fara tsimuwa, akwai barasa a ciki ko da kaɗan ce. Raina ya ɓaci kwana biyu, na yi istigfari, mutumin da ya ba ni kuma ba da mugunta ya yi ba, a wurinsa abin da bai gama zama giya ba ruwa ne. Don haka kar ki tsaya a kan "giya ce?", ki ce jus de raisin, wato ruwan inabi zalla, kike so wanda ke cikin rufaffiyar kwalba, ki karanta da idonki.

Malam Na Bakin Masallaci:
Allah ya yi miki albarka da kika tambaya kafin ki je. Ni shawarata daban ce, kuma abin da na yi kenan da wajen aikinmu suka shirya irin wannan. Akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Na samu ogana a ofis tun sati biyu kafin ranar na ce zan zo tafiyar, zan zaga gari da ku, amma ɗakin ɗanɗanawa ba zan shiga ba. Ya ce babu komai, har ya tambaye ni ko akwai wani abu da ya kamata su lura da shi. Awa ɗaya na yi ina yawo a garin, gidajen katako tun na ƙarni na 16, ga hasumiyar Dolder ta 1291 a ƙarshen babban titi, a hanyar dawowa ma na ga dangin shamuwa da sheƙarsu a kan rufi sai da na tuna gida. Ban rasa komai ba a wajen aiki saboda wannan. Shi kuma ɗan uwa da ya yi aikin weta, ina fata ka samu wata hanyar abinci.

Tsohon Weta na Colmar:
Na bari Malam, shekara biyar kenan. Maganar ta daɗe tana cin zuciyata tun ina ciki, kuɗin haya ne ya riƙe ni, ranar da na samu aiki a wani kamfanin kayan lantarki ban ƙara kwana ba. Allah ya yafe mana.

Ƙanwata abin da na manta, kuma shi ya fi muhimmanci, giyar da ke cikin kofi kina ganinta, ta cikin tukunya ce matsalar. Choucroute kabejin da Riesling ake dafa shi sannan a jibga naman alade, ko ta kifi kika ce, tambayi da me aka dafa kabejin kuma miyar man shanun da ke kai yawanci da farar giya ake yin ta. Baeckeoffe naman rago da na sa da na alade ne a kwana a jiƙe cikin giya. Coq au Riesling, kazar da ake dafawa da Riesling, sunansa ma ya faɗa miki. Tarte flambée akwai 'yan yankan alade a kai sai kin ce sans lardons, wato banda su. Har kougelhopf, burodin nan mai zabibi, wasu a kirsch, wata barasa mai ƙarfi, suke jiƙa zabibin, kuma in an kawo ƙanƙara mai ɗanɗanon lemo a ƙarshe ki duba ko an tsiyaya mata marc, ita ma barasa ce mai ƙarfi. Za su ce miki ai wuta ta ƙone barasar, na tsaya a kicin na gani, ba duka take tafiya ba, musamman miyar da aka yi cikin minti biyar.

Hajiyar Sélestat:
Ni na shiga, sau biyu ma, da baƙin mijina, kuma na zauna har aka tashi, kowa da yadda ya fahimci abin ba zan ja da Malam ba. Abin da ya fi tsaya min a rai wata tsohuwar gangar katako ce a gidan Hugel da suke kira Sainte Catherine, tun 1715 ake zuba giya a cikinta. Na yi ta tambaya a kan ƙasar gonakin, don ni aikin gona na karanta, mai bayanin ya ji daɗi har ya manta kofina babu komai, ya ce duwatsun Vosges ne ke tare musu ruwan sama shi ya sa Colmar take cikin garuruwan da suka fi ƙarancin ruwa a Faransa, inabi ya samu kaka mai tsawo ya nuna a hankali.

A gidan abinci kuwa na kira su tun ana gobe na ce mutum ɗaya ba alade ba barasa ko a cikin miya. Suka yi min truite aux amandes, kifi ne da man shanu da almon sai dafaffen dankali, sannan Munster da ɗan kayan ƙamshin da suke barbaɗawa. Sauran suna shan Gewurztraminer da cukunsu ni aka kawo min ruwan tuffa na yankin, kuma ya shiga da cukun sosai, zaƙi da ɗan tsami a kan gishiri da wari, irin dai lissafin da Maman Blessing ta yi. In kina jure daddawa Munster ba zai ba ki tsoro ba. Kiran wayar nan ki yi shi 'yata, ranar Asabar kicin ɗinsu cike yake ba mai lokacin canza miki miya.

'Yar Damagaram:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Anti Maman Blessing na gode da kika faɗa min yadda abin yake a baki. Na yi tunani a daren jiya, zan bi hanyar Malam a wajen ɗanɗanawar, in zaga gari in haɗu da su in sun fito. Maganar teburin abincin kuma zan tambayi limamin babban masallacin Strasbourg ranar Juma'a kafin in yanke. Na riga na tura wa sakatariyar sashenmu saƙo ta ba ni lambar gidan abincin. Yaya Weta don Allah ka rubuto min yadda zan faɗi maganar miya da kabejin da Faransanci daidai, kar in kira su in rikice.